Hannu a Kafaɗa

Ranar da aka kwantar da Normand Pomerleau a kan ƙanƙarar filin wasan hoki, har masu sayar da giya sai da suka bar teburinsu suka leƙo. Wani ƙato ne daga ƙungiyar baƙi ya cakumi wuyan rigarsa da hagu, ya yi ta ɗirka masa dama a kunne, shi kuwa Normand yana ramawa yana dariya, haƙoransa jajur. Can hular kwanonsa ta fice, ƙafarsa ta zame, ƙeyarsa ta daki ƙanƙara da wata irin ƙara da aka ji har kujerun sama. Jini ya malalo, bai yi nisa ba ya daskare. Mutanen Saint-Aurèle suka miƙe suna tafi lokacin da aka ɗauke shi ranga-ranga, kamar yadda muka saba yi wa wanda ya faɗi. Yayarsa Ghislaine ce kaɗai ba ta tafa ba.

Ita ce mai ƙungiyar. Ubansu da zai mutu ya bar mata injin yankan katako da ƙungiyar hoki ta Gatura, shi kuwa Normand ya bar masa hannuwa kamar shebur da taurin kai. Tun yana saurayi aikinsa a ƙungiya ɗaya ne tak, dambe. In aka taɓa ɗan wasanmu, shi ke fita ya karɓo fansa. Batun jefa faifai a raga kuwa, wato ɗan faifan robar da ake bugawa da sanda, ko gola ya tafi fitsari Normand sai ya yi kuskure. Amma sunan da aka laƙaba masa, Guduma, shi ne a bayan rigar rabin mutanen gari.

Likita bai ɓoye mata komai ba. "Madam, kan ƙaninki ya zama ƙwai mai tsaga. Ya ƙara samun duka ɗaya mai kyau, ko dai ku binne shi, ko ku riƙa ba shi abinci a baki."

Da ta gaya wa Normand, sai ya tambaye ta ko likitan ya taɓa sa takalmin ƙanƙara a rayuwarsa.

Ana cikin haka, da ƙanƙarar kogi ta narke, babban manajan ƙungiyar ya ajiye aiki ya tafi Florida shan rana. Shi babban manaja shi ne wuƙa shi ne nama: shi ke sayo 'yan wasa, shi ke sallama, shi ke gaya wa koci irin wasan da yake so. Ghislaine ta san duk wanda ta ba kujerar nan, kan ƙaninta ta damƙa masa. Mutum biyu suka nema.

Na farko Onésime Gauvreau, tsohon hannu, wanda babu ƙungiyar da bai riƙe ba a yankin nan, babu kuma wadda bai bar ta da kofin gasa da guragu ba. Ko sallama bai yi ba ya hau ofishinta da ke saman injin, ya zauna, ya baje yatsunsa a kan tebur don ta ga zobban gasar da ya ci.

"'Yar Pomerleau, na san ubanki tun kina cikin tsumma. Ba sai mun ɓata wa juna lokaci ba. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Normand fa?" in ji ta.

"Normand ai shi ne kasuwarki. Ke kina zaton hoki mutanen nan ke zuwa kallo? Mutum ya yi mako guda yana sarar itace cikin sanyi, ran Lahadi so yake ya ga wani ya sha wuyar da ta fi tasa."

"Likita ya ce..."

"Likita! In ta likita za a bi, ko ruwa ba za a sha ba. Ni dai tun ina da gashi a kaina nake wannan aiki, kuma ban taɓa buɗe baki na ce wa yaro tashi ka yi faɗa ba. Je ki tambaya."

Gaskiya ya faɗa, tsohon maƙiri, kuma ita ce ta ƙara ƙona mata rai. A hokinmu ba a aika ɗan dambe da baki. Koci ne zai bi ta bayan benci kamar mai neman wani abu, ya dafa kafaɗarsa, ya ɗan bubbuga sau biyu, ya wuce. Shi ke nan, an aike shi. In an kai ƙara, babu wanda ya ce komai, babu wanda ya ji komai. Ghislaine ta tashi tana ganin ubanta yana yi wa mutane haka, ta kuma ga ranar da aka fara yi wa Normand, ya dawo gida da karyayyen hanci yana murna kamar an yi masa aure.

Na biyu wani matashi ne, Loïc Bilodeau, daga ƙungiyar wata jami'a a birni, inda in ka kai naushi sai a kore ka daga wasa. Da kwat ya zo da takalmi mai santsi, taɓon harabar injin ya kusa kayar da shi, leburori suna ta ƙyaƙyata dariya. Mutum ne mai fara'a, mai magana da hannu, ba ya iya gaisawa da kai sai ya dafa ka. Bai yi mata alfahari ba.

"Madam Pomerleau, ban taɓa riƙe ƙungiya ba, kada in yi miki ƙarya. Amma na kalli wasanninku na bara kaf. Kuna da masu gudu, ba a barinsu su yi gudun ne."

"Normand fa?"

"Kada ki sallame shi. Yau kika sallame shi, gobe wata ƙungiya za ta ɗauke shi saboda hannunsa, ba kuma wanda zai tambayi likita. Ki bar min shi a benci inda idona zai kasance a kansa. Muddin ina nan, ba zai ƙara tuɓe safar hannu don yin dambe ba."

Tun bai rufe baki ba ta san shi za ta ɗauka. Ba don ta yarda zai kawo kofi ba, kofin banza. Ta ji dai ya kira ƙaninta mutum, shi ke nan.

Garin ya ɗauki zafi. A shagon shayin Thérèse aka ce mace ta samu ƙungiya ta mayar da ita makarantar rawa. Wani ya zo ya rataye siket a ƙofar filin wasa. Gauvreau kuwa bai yi gardama ba, ya tofa yawu a matattakala, ya haye gada zuwa Cap-Tordu, abokan gabarmu tun kaka da kakanni, suka karɓe shi hannu bibbiyu. Kafin sanyi ya shigo ya sayo wani bijimi daga yamma mai suna Kowalchuk, wanda aka ce ya taɓa karya wa mutum muƙamuƙi ta cikin hular kwano.

Duk wannan bai dami Ghislaine ba kamar Normand. Wata Lahadi ya zo cin abinci gidanta kamar kullum, ta yanka masa tourtière, gasasshen burodin nan namu mai nama a ciki, ya zauna da baƙin tabarau a cikin ɗaki saboda haske ya fara sukar idonsa. Ya ɗauki cokali, ya ajiye.

"Yaya, bargo kika mayar da ni? Aikina ɗumama benci?"

"Gara benci da akwatin gawa."

"Ke kika sani. Jiya a gidan mai wani ɗan iska ya tambaye ni wai ko na fara saƙa. Ni! Koci Rosaire in zai wuce ta bayana sai ya cusa hannuwansa a hammata kamar ina da ƙazuwa. Ɗan birnin nan naki ya hana shi taɓa ni."

"Ni na hana. In kana da faɗa, ga ni."

Ya miƙe, kujera ta kife. Ya juya ya kai wa ƙofar kabad naushi, katakon ya tsage, farantai suka zubo suka tarwatse. Ya tsaya yana haki, jini na ɗiga daga yatsunsa a kan tayil. Ya buɗe baki zai faɗi wata magana, maganar ta ɓace masa, ya yi ta lalube yana kallon silin. Abin ya ba ta tsoro fiye da naushin.

"Zauna, Nono," ta ce da shi, sunan da ta daina kiransa tun yana firamare. "Zauna in wanke maka hannun."

Ya zauna. Tana naɗe masa hannu yana kallon bango, hawaye na gangaro masa ta ƙarƙashin tabarau. Ya ce a hankali, "Ni ban iya komai ba sai shi, Yaya. Kin sani."

Ta sani. Ta dai ƙara ɗaure bandejin.

Wasa ya kankama, kuma a yi wa Loïc adalci, Gatura sun yi gudu a shekarar nan. Wani ɗan siriri Mathis Veilleux ya riƙa jefa faifai a raga kamar ba gobe. Sai dai labari ba ya ɓuya: kowa ya ji Guduma ya zama kyanwar Lami, don haka kowace ƙungiya ta zo sai ta huce a kan yaranmu. Ana cin wasa, ana komawa gida da ɗinki. Duk ranar da aka kayar da ɗaya daga cikinsu, sai filin ya ɗauka, "Gu-du-ma! Gu-du-ma!" Normand na zaune a ƙarshen benci, ya dafe sanda tsakanin gwiwoyi, wuyansa ya yi ja, amma ko motsi. Ɗan dambe ba ya fita sai an aike shi, wannan ko a mafarki Normand ba zai karya ba.

Sai ranar da Cap-Tordu suka zo, wata Lahadi da rana a tsakiyar sanyi. Filin ya cika maƙil, har a matattakala mutane ke zaune da kwanon poutine, soyayyen dankali da cuku da romo, a cinya. Ghislaine da Loïc suna can sama a ɗakin shugabanni. Katako ɗaya ne ya raba su da ɗakin baƙi, inda Gauvreau ya kishingiɗa yana tauna sigarin da ba a kunna ba. Ya leƙo ya ɗaga mata hula.

"'Yar Pomerleau, yaya makarantar rawa?"

"Lafiya lau. Yaya mahauta?"

Ya yi dariya har da tari.

Tun daga busar farko aka san ba hoki ya kawo su ba. Wani ɗan bayansu ya ɗaga sanda ya sharɓa wa kyaftin ɗinmu a baki, haƙora biyu suka faɗi a kan ƙanƙara, alƙalin wasa ya tsince su ya miƙa wa mai magani kamar canji. Aka tura mai laifin akurkin horo na minti biyu, ya zauna yana yi wa 'yan kallo gwalo. Suka hau golanmu da gwiwa. Suka soki wani a ciki da gindin sanda har ya yi amai a gefen benci. Kowalchuk shi bai ma taɓa kowa ba, zagaye kawai yake yi a hankali, kowa na kauce masa. Duk da haka mu ke gaba da ci ɗaya, kuma Mathis ne ya jefa.

Ghislaine ta buga katakon da ke tsakaninsu. "Gauvreau! Kashe su za ka yi?"

"Gonar da ba mai gadi, ai ta kowa ce," in ji shi, ko juyowa bai yi ba.

A tsakiyar zango na biyu Mathis ya bi faifai zuwa kwana, ya ba da baya. Wani ya taho da gudu tun daga tsakiyar fili, ya ɗaga gwiwar hannu, ya haɗa shi da katanga. Gilashin ya girgiza. Mathis ya sulale, kafaɗarsa ta koma wani waje da ba nata ba, ƙashi ya turo riga. Ihun da ya yi ya ratsa hayaniyar mutane duka. Alƙalin wasa kuwa ya ce bai gani ba.

Nan Koci Rosaire ya haukace. Ya kwashi sanduna ya watsa cikin fili, ya bi su da gorunan ruwa, ya haye katanga da takalminsa na gida ya shaƙe alƙalin wasa yana zunduma masa ashar ɗin nan tamu da ake zagi da sunayen kayan coci. Sai da mutum uku suka ɓamɓare shi. Aka kore shi daga fili, ya fita yana harbin ƙofa. Mataimakin koci ba mu da shi, ƙungiyar ba ta kai nan ba. Benci ya zama ba kowa a bayansa, kuma doka ta ce sai da wani.

Loïc ya miƙe, fuskarsa fara fat. "Dole in sauka."

Ghislaine ta riƙe masa hannun kwat. Filin ya riga ya fara, ana buga ƙafa a katako har ginin na amsawa, "Gu-du-ma! Gu-du-ma!" Ta hango ƙaninta a ƙarshen benci, kafaɗunsa na hawa suna sauka.

"Ka je wurin Normand," ta ce. "Kafin komai ka je wurinsa. Kada ka bari ya motsa."

Da bakinta ta faɗa. Daga baya ta so ta manta, abin ya ƙi.

Ya sauka da gudu. Ta ga ya ɓullo ta ƙofar bayan benci, yana ratsawa a gicciye ta bayan 'yan wasa, ana watso masa giya daga sama. Bai taɓa tsayawa a wurin nan ba tun da aka haife shi, hoki daga sama ya san shi. Ya isa bayan Normand, ya sunkuya yana yi masa magana a kunne, amma wa zai ji magana cikin hular kwano da wannan ƙara? Normand bai juyo ba. Sai ta ga hannun Loïc ya ɗaga, hannun nan nasa da ba ya iya zama wuri ɗaya.

"A'a!" ta ƙwalla. "Loïc, a'a!"

Daga bayan katako ta ji kujerar Gauvreau ta kife. "Kai, wawa! Cire hannunka!"

Hannun ya sauka a kafaɗar Normand. Ya bubbuga sau biyu, a hankali, irin na lallashi.

Normand ya haye katanga kafin hannun ya gama tashi. Ɗan wasanmu da ke kusa ya gan shi ya juya benci da kansa ya ba shi wuri. Filin ya fashe da ihun da ba a taɓa yin irinsa ba, tsofaffi na rungumar juna, wata mata na kuka don murna. Loïc ya miƙa hannu zai kamo rigarsa, ya kamo iska, ya tsaya baki buɗe.

Normand bai ko kalli wanda ya karya Mathis ba, wancan ƙaramin alhaki ne. Kai tsaye ya nufi Kowalchuk, ya tsaya gabansa, ya yar da sanda, ya girgiza hannuwa safar ta zube. Ya cire hular kwanonsa da kansa ya ajiye a ƙasa, kamar yadda manyan 'yan dambe ke yi don kada abokin karawa ya fasa hannu a banza.

Kowalchuk ya girgiza kai. Bai saki sandarsa ba. Waɗanda ke kusa da gilashi sun ce sun ji shi da gurɓataccen Faransancinsa yana cewa, "Ba da kai ba, Guduma. Tsoho ya hana. Koma ka zauna."

Gauvreau ya leƙo rabin jikinsa ta taga yana dukan bango da hula. "Kada ka taɓa shi! Na ce kada ka taɓa shi, ɗan jaka!" Ashe duk rashin imaninsa ya ja wa karensa kunne tun a mota, a ci zalin kowa, amma ba a dukan mai tsagaggen kai. Ghislaine ta ji shi, ta kuma san ba zai yi amfani ba. Wanda aka dafa ba ya komawa benci da busasshen hannu. Da Normand ya koma haka, gara masa a binne shi.

Naushin farko ya sami Kowalchuk a kunci, ya ja baya yana ɗaga hannuwa. Na biyu ya fasa masa hanci, jini ya wanke farar rigarsa. 'Yan kallo na ihu, "Matsoraci! Matsoraci!" Alƙalan wasa sun ja gefe sun zuba ido, don ba a raba manya sai ɗaya ya faɗi. Normand ya cakumi rigarsa ya jawo shi, ya ƙara masa a ido, ya ƙara a baki, yana faɗin, "Rama! Rama mana, kada ka wulaƙanta ni!" Kowalchuk ya jure iya jurewa. Shi ma fa mutum ne, kuma hannunsa abin da aka koya masa ke nan tun yana yaro. Safarsa ta dama ta faɗi. Sau ɗaya ya kai, gajere, a gefen kai.

Normand ya tafi da baya a miƙe, kamar itacen da aka gama sara. Kansa ya daki ƙanƙara, ya yi tsalle, ya sake duka. Hannunsa ɗaya ya sandare a sama, ƙafafunsa na karkarwa, ƙarfen takalmin na kankarar ƙasa. Wannan karon ba wanda ya tafa.

Ghislaine ba ta san yadda ta sauko ba. Ta ture mai gadin ƙofa, ta taka ƙanƙara da takalmin ofis, ta faɗi a kan gwiwa, ta ƙarasa da rarrafe. Jini na fita ta kunnensa. Kowalchuk ya durƙusa a gefe yana riƙe masa wuya don kada ya motsa, yana kuka da majina da jini, mutanenmu kuwa na jifansa da gwangwanayen giya, ɗaya ya fasa masa goshi bai ko ɗaga kai ba. Ta kira Normand, ta kira Nono, ta mari kumatunsa. Idanunsa a buɗe suke, amma ba ita suke kallo ba.

Masu ɗaukar marasa lafiya suka ɗaure shi a katako suka tura. A bakin ƙofa Loïc ya tare ta, kwat ɗinsa sharkaf da giya.

"Cewa na yi ya zauna! Wallahi, Madam, cewa na yi ya kwantar da hankalinsa, ina tare da shi. Ban san me ya..."

Ya miƙo hannu zai dafa ta. Ta buge hannun da ƙarfin da sai da ya bugi ƙofa.

"Kada ka taɓa ni."

Ta so ta tsane shi, ta kasa, don ta ga har yanzu bai gane abin da ya yi ba. Duk wasannin bara ya kalla, amma na'urar ɗaukar hoto faifai take bi, ba ta taɓa nuna bayan benci ba. Ita da ta sani tun tana yarinya, ba ta taɓa tunanin akwai mai bukatar a gaya masa ba. Gauvreau na tsaye a lungu da hularsa a hannu. Ta wuce su duka biyun ta shiga motar asibiti.

Sun haye gada ana jiniya sai Normand ya yi nishi. Ma'aikaciyar motar ta haska masa ido da 'yar fitila, ta sake haskawa, ta ce wa direba ya ƙara wuta. Ghislaine ta kama hannunsa, yatsun duk sun fashe.

"Ga ni, Nono. Kada ka motsa."

Bakinsa ya ɗan buɗe, wani murmushi ya fito a karkace, rabin fuskar bai bi ba.

"Ya dafa ni," ya ce, harshen na sarƙewa. "Kin gani? Manaja da kansa. Ba koci ba ma. Da kansa ya sauko."

"Na gani."

"Ni na zata raina ni ya yi. Ashe ajiye ni ya yi sai babbar rana."

Zuciyarta kamar ta tsage, ga baƙin ciki, ga shi rabon da ta ga farin ciki irin wannan a fuskarsa tun kafin likita ya yi magana. Ba ta ƙaryata shi ba. Ya lumshe ido, ya buɗe.

"Ya dafa ni. Kin gani?"

"Na gani, Nono."

Ma'aikaciyar ta ce ta ci gaba da yi masa magana, kada ta bari ya yi barci. Ghislaine ta yi ta zuba, ta ce masa sun kusa isa, ta ce za ta gyara kabad ɗin, ta ce ran Lahadi za ta yi masa tourtière mai yawan nama. Da motar ta karya kwanar asibiti sai ya juyo da ido ya dube ta sosai, irin kallon ladabin da yake yi wa baƙi, ya yi ƙoƙarin zare hannunsa daga nata.

"Madam," ya ce, "ke ce matar manajan? Don Allah ki ce masa na gode."